An ba ni gurbin karatun Turanci maimakon aikin lauya: in karɓa ko in sake rubuta JAMB?

Ɗan Funtuwa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure, tare da neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni. Na rubuta jarrabawar JAMB ta shiga jami'a a bana da niyyar karanta aikin lauya, amma da sunaye suka fito sai na tarar an ba ni gurbi a sashen Turanci da nazarin adabi, saboda makin da na samu bai kai wanda aka yanke wa masu neman tsangayar shari'a ba. Mahaifina yana ganin in haƙura in sake rubuta jarrabawar baɗi, domin a fahimtarsa wanda ya karanta Turanci ba shi da makoma sai riƙe alli. Kawuna kuwa, wanda ma'aikacin gwamnati ne, cewa ya yi kada in kuskura in saki gurbin da ke hannuna saboda wanda ba ni da tabbacin samu.

Ni a karan kaina ina son karance-karance, kuma adabin Turanci yana cikin darussan da na fi cin su a jarrabawar WAEC, sai dai ina tsoron in shafe shekara huɗu a jami'a in fito in rasa abin yi. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su bayyana mini abin da ake koyarwa a wannan sashe, tunda dai Turancin muna jin sa tun daga firamare, da irin ayyukan da mai wannan digiri yake samu a zahiri, da kuma ko akwai hanyar da zan bi in koma karatun lauya daga baya idan na karɓi gurbin. Allah ya saka da alheri.

Malamin Jami'a ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Zan ɗauki tambayarka ta farko, domin ita ce na fi sani, kuma ita ce ɗalibai da yawa ba sa yi sai bayan sun riga sun zauna a aji. Sashen Turanci ba wurin koyon magana da Turanci ba ne. Ana ɗauka cewa da shi ka zo, shi ya sa ake neman kiredit a Turanci da adabin Turanci cikin darussa biyar kafin a ba mutum gurbi. Abin da ake yi a can shi ne a ajiye harshen a gaba a feɗe shi, kamar dai yadda ɗalibin sashen Hausa ba ya zuwa jami'a domin a koya masa gaisuwa.

Karatun ya kasu gida biyu. A ɓangaren harshe za ka fara da ilimin furuci da tsarin sauti, inda za ka gano cewa haruffan Turanci 26 ne amma sautukansa sun kai kimanin 44, kuma 20 daga ciki wasula ne, alhali kai da ka tashi da Hausa wasula biyar ka saba da su, kowanne da gajerensa da dogonsa, sai 'yan tagwayen wasula. Daga nan ne za ka fahimci dalilin da ya sa lafazin Bahaushe ya bambanta da na Bayarabe idan suna Turanci, kuma ka daina ɗaukar abin a matsayin abin dariya. Bayan wannan akwai ginin kalma, da ginin jumla, da ilimin ma'ana, da nazarin salo, da nazarin yadda ake sarrafa harshe a zance da rubutu gwargwadon wuri da manufa, da ilimin walwalar harshe, wanda a cikinsa ake duba Turancin Nijeriya a matsayin wani nau'i mai ƙa'idojinsa. Ginin jumla shi ne inda ɗalibai suka fi kokawa, domin waɗanda suka gudo daga lissafi sukan tarar da zane-zanen rassan jumla da alamomin da ba su da maraba da abin da suka guje wa.

A ɓangaren adabi kuwa za ka karanta zube da waƙa da wasan kwaikwayo na Afirka, da na Ingila tun daga zamanin da, da na Amurka da tsibiran Karebiyan, da adabin baka, sannan a ɗora maka ra'o'in tarke waɗanda da su ake auna rubutu. A shekarar ƙarshe za ka rubuta kundin bincike a ƙarƙashin kulawar malami. Sirrin abin duka yana ga yawan karatu. Kwas ɗaya na ƙagaggun labarai yana iya zuwa da littattafai masu kauri da dama a zango guda, kuma a nan ne ɗalibai suke rabuwa: akwai wanda zai karanta littattafan da kansa, akwai wanda zai nemi taƙaitawarsu a intanet ya haddace ya ci jarrabawa. Dukansu biyu takarda iri ɗaya za a ba su ranar yaye ɗalibai, amma na biyun shi ne wanda za ka gani bayan shekara huɗu ba ya iya rubuta takardar neman aiki mai shafi ɗaya ba tare da kuskure ba, kuma irinsa ne suka ja wa digirin raini.

Tunda ka ce kana son karatu, ba na jin za ka wahala. Zan bar maganar ayyuka ga waɗanda suke cikinsu, sai dai in ambaci namu: kowace jami'a da kwalejin ilimi da foliteknik a Nijeriya tana tilasta wa duk ɗalibanta kwas na amfani da Turanci, ko da likitanci ko injiniyanci suke karantawa, saboda haka bukatar malaman wannan fanni a manyan makarantu ta wuce girman sashen kansa. Amma hanyar tana da tsawo, domin sai da digiri na biyu ake zama mataimakin lakcara, kuma ba a yin nisa sai da na uku.

Tsohon Shugaban Makaranta ya amsa:

Yaro, ka gaida mini mahaifinka, ka ce masa wani tsoho da ya tsufa da alli a hannu ya ce maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma bai kai ta ƙarshe ba. Gaskiya ne mafi yawan waɗanda suka karanta Turanci koyarwa suke yi, ko dai har abada ko kuma na ɗan lokaci kafin wata ƙofa ta buɗe, kuma duk wanda ya gaya maka akasin haka yana yi maka daɗin baki ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki hakan a matsayin faɗuwa. Babu ɗalibin da zai shiga jami'a a ƙasar nan ba tare da kiredit a Turanci ba, kuma Turanci ne darasin da JAMB ta wajabta wa kowa cikin huɗun da ake rubutawa. Wannan ya sa a duk makarantar da na shugabanta, malamin Turanci da na lissafi su ne waɗanda idan suka ajiye aiki nake rasa barci. Malamin Turanci da ya san aikinsa ba ya zama haka nan: yana da ajinsa da safe, yana da darasin yamma na masu shirin WAEC da NECO da JAMB, kuma yana iya shiga cikin masu duba takardun jarrabawa ya samu ɗan alawus.

Ba zan ɓoye maka batun albashi ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, amma akwai makarantun kuɗi da yawa a garuruwanmu da ba sa biyan mai digiri ko kusa da haka, kuma a wasu jihohi ƙarin girma yakan maƙale shekara da shekaru. Makarantun gwamnatin tarayya da manyan makarantun kuɗi na Abuja da Kaduna da Kano sun fi dama-dama, sai dai shigarsu sai an yi da gaske.

Akwai wani bambanci da nake so ka riƙe tun yanzu. Digirin Turanci zalla daban yake da digirin koyar da Turanci wanda ake yi a tsangayar ilimi. Mai na biyun ya fito a matsayin ƙwararren malami, yana iya rubuta jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN kai tsaye ya karɓi lasisi. Mai na farkon kuwa, komai ƙwarewarsa, a idon doka ba malami ba ne har sai ya ƙara da babbar diflomar ilimi ta bayan digiri, wadda ake yi cikin kimanin shekara guda a jami'o'i ko a cibiyar horar da malamai ta ƙasa, wato NTI mai hedikwata a Kaduna. Na ga matasa da yawa da suka raina wannan difloma suna ganin koyarwar ta wucin gadi ce, har shekara goma ta wuce suna aji, sannan aka zo ɗaukar ma'aikata na dindindin aka tsallake su saboda rashin ta. Idan ka karɓi gurbin, ka sa a ranka cewa da ka gama hidimar ƙasa za ka yi ta, ko kana da niyyar koyarwa ko ba ka da ita.

Hajiya Mai Fassara ta amsa:

Ƙanena, na karanta abin da iyayenmu biyu suka rubuta, kuma ba ni da ja a kai. Ni ma Turanci na karanta, kuma abincina a yau yana fitowa ne daga fassara da gyaran rubutu. Abin da nake so in ƙara shi ne wani jari da kake da shi wanda kai kanka ba ka lissafa ba a cikin tambayarka, wato Hausar da ka sha a nono.

Idan Turanci kaɗai ka fito da shi kasuwar aiki, za ka tarar da dubban matasa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, wasu ma Turanci ne harshen da suka tashi da shi a gidajensu, kuma babu dalilin da zai sa a zaɓe ka a bar su. Amma idan aka ce ana neman wanda zai karanta rahoto mai nauyi da Turanci ya fahimce shi sarai, sannan ya mayar da shi Hausar da manomi a Bakori da 'yar kasuwa a Maraɗi za su saurara su gane ba tare da sun ji ƙamshin Turanci a ciki ba, to, a nan layin yakan gajarce ƙwarai. Wannan sana'a ba sabuwa ba ce a wurinmu. Tun zamanin Hukumar Fassara ta Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, masu riƙe da harsunan nan biyu suke cin abinci da su. Sashen Hausa na BBC yana watsa shirye-shirye tun 1957, ga na DW, ga na RFI da aka buɗe a 2007, ga TRT Afrika da ta zo a 2023, ga tashar Arewa24, ga jaridu irin su Aminiya da shafukan Hausa na manyan jaridun Turanci, ban da gidajen rediyon jihohi da masu zaman kansu da suka cika Kano da Kaduna da Katsina. Yawancin labaran da waɗannan kafafe suke bayarwa da Turanci suke shigowa ɗakin labarai, sai wani ya zauna ya juya su.

Ba aikin jarida kaɗai ba ne. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi 'yancin a samar masa tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, saboda haka kotuna suna bukatar tafintoci. Ƙungiyoyin agaji da na kiwon lafiya, musamman waɗanda suka yi sansani a Maiduguri saboda rikicin arewa maso gabas, suna bukatar masu rubuta rahoto da masu fassara saƙonnin wayar da kai. Kamfanonin sadarwa da bankuna suna fassara tallace-tallacensu. Masu shirya finafinan Hausa suna bukatar wanda zai rubuta fassarar Turanci a ƙasan hoto, kuma duk mai kallo ya san irin abin kunyar da ake tafkawa a wannan wuri saboda an ƙi biyan ƙwararre.

Inda gizo yake saƙa shi ne, mafi yawan 'yan'uwanmu masu digirin Turanci ba su iya rubuta Hausa ba. Suna jin ta, suna magana da ita, amma ba su san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta ba, ba sa sa ƙugiya a haruffan da suke bukatarta, kuma idan suka fassara jumla sai ka ga Turanci ne aka sa wa babbar riga. Gwajin da ake yi wa mai neman aiki a irin waɗannan wurare ba ya wuce a miƙa masa labari a ce ya fassara cikin ƙayyadadden lokaci, wani lokaci kuma ya karanta a bayyane, kuma a nan na ga masu sakamako mai kyau sun zube. Saboda haka shawarata ita ce, duk kwas na zaɓi da aka ba ka dama ka ɗauka a wajen sashenka, ka nufi sashen Hausa, ko sashen harsunan Nijeriya kamar yadda ake kiran sa a wasu jami'o'i, ka ɗauki ƙa'idojin rubutu da fassara. Abokanka za su yi maka dariya su ce ka zo jami'a koyon abin da ka iya. Ka ƙyale su.

Kada in zuga ka fiye da kima. Wannan kasuwa tana hawa tana sauka. A 2025 mun ga yadda shawarar gwamnatin Amurka ta dakatar da shirye-shiryen Muryar Amurka, har da sashen Hausa, kuma yanke tallafin ƙasashen waje ya sa ƙungiyoyin agaji da yawa sun sallami ma'aikata. Manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira su ma sun cinye ƙananan ayyukan da a da ake biyan mu a kansu, kamar wasiƙu da gajerun sanarwa. Abin da ya rage mana shi ne aikin da kuskure a cikinsa yake da tsada, irin su bayanin magani da takardun shari'a da labarin da zai iya tayar da fitina, da kuma gyaran abin da na'urar ta fassara. Wannan kuwa sai wanda ya fi na'urar sanin harsunan biyu.

Ma'aikacin Banki ya amsa:

Ina neman afuwar malamaina da Hajiya, amma ina ganin ya kamata wannan yaro ya ji ɗaya ɓangaren, domin ni ma wannan digiri ne a hannuna kuma na san zaman jiran da na yi bayan hidimar ƙasa. Duk ayyukan da aka lissafa, in ban da koyarwa, babu ko ɗaya da aka keɓe wa mai digirin Turanci. Gidan jarida zai ɗauki wanda ya karanta aikin jarida ko kimiyyar siyasa ko tarihi. Ofishin hulɗa da jama'a haka. Fassara kuwa wanda ya karanta Hausa yana ganin gonarsa ce. Lauya da likita da mai haɗa magunguna suna da lasisin da ya hana wani shiga aikinsu, mu kuwa ba mu da katanga, kowa yana iya shigowa.

A aji an sha kawo mana misalin Chinua Achebe, wanda ya bar karatun likita a Ibadan ya koma fannin Turanci da tarihi, ya kama aiki a gidan rediyo a 1954, duniya ta san shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a lokacin kwalejin jami'a ɗaya ce tak a ƙasar, aiki ne yake neman mai digiri. Yau jami'o'in Nijeriya sun haura 250, kuma da yawansu suna yaye masu digirin Turanci kowace shekara.

Ni aikin da na samu, ba a tambaye ni abin da na karanta ba. An duba matakin sakamakona, an duba shekaruna, an ba ni jarrabawar gwaji mai lissafi da Turanci. Haka aikin gwamnati yake, mai digiri mataki na 8 yake shiga ko me ya karanta, a ba shi jami'in mulki ko jami'in yaɗa labarai. Ba zan musa ba, iya rubutu ya taimake ni daga baya, domin duk takardar da za ta je hedikwata ni ake kira in duba, kuma hakan ya sa manya sun san da ni. Amma wannan bayan an shiga ne.

Game da tambayarka ta uku, hanya tana nan, sai dai ka yi lissafi. Jami'o'i da dama suna karɓar mai digiri na farko ya shiga karatun lauya daga aji biyu. Ke nan shekara 4 ta Turanci, da 1 ta hidimar ƙasa, da 4 ta digirin shari'a, da 1 a makarantar horar da lauyoyi, ko a reshenta na Bagauda da ke jihar Kano ko a wani reshen, jimla 10. Idan kuwa ka jira baɗi ka dace, shekara 1 ce ta jira, da 5 ta digiri, da 1 ta makarantar lauyoyi, da 1 ta hidimar ƙasa, jimla 8, kuma kuɗin makaranta sau ɗaya mahaifinka zai biya. Wannan idan ba a yi yajin aiki ba. Saboda haka idan har zuciyarka tana kan lauya, maganar mahaifinka ita ce daidai. Abin da kawai zan ja kunnenka a kai shi ne, babu wanda ya yi maka alkawarin makin baɗi zai fi na bana, kuma bankuna da manyan kamfanoni suna sa iyakar shekaru wajen ɗaukar sababbin ma'aikata, don haka zaman gida ma yana da farashinsa.

Ɗan Funtuwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Maganar Yaya Ma'aikacin Banki ta sa na tambayi kaina ko lauyan nake so ko kuwa sunan da girman da ake ba su, kuma gaskiya ban taɓa shiga kotu na ga yadda aikin yake ba. Abin da Hajiya ta bayyana ya fi kwanta mini, domin ni ne nake karanta wa kakata takardun asibiti in fassara mata. Abin da ya rage mini shi ne in san ko ana iya sauya sashe bayan an gama aji ɗaya, da kuma ko ya halatta in karɓi wannan gurbi sannan in sake rubuta JAMB ina cikin karatu.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Salamu alaikum. Daga Jamhuriyar Nijar nake, kuma ina so in sanar da ƙanenmu cewa abin da yake jinkirin karɓa, mu a nan nemansa ake yi. Mu da Faransanci muka yi karatu, Turanci darasi ne da ake fara koya a sakandare, kuma sashen Turanci na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai yana cikin waɗanda ɗalibai suke rububi. Iyaye da yawa suna tura 'ya'yansu Nijeriya da Gana domin su koyo harshen. A 2025 sabon kundin da hukumomin ƙasar suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wanda yake da Hausa da Turanci, idan ya ƙara da Faransanci ko da na gudanar da zance ne, ya buɗe wa kansa ƙofar ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da harkar kasuwancin kan iyaka tun daga Maraɗi har Agadas. Tunda a tsangaya ɗaya ake koyar da harsunan nan a yawancin jami'o'inku, ba zai yi maka wuya ka leƙa ajin Faransanci ba.

Malamin Jami'a ya sake amsawa:

Ɗana, sauya sashe yana yiwuwa a ƙa'ida, amma kada ka gina shawararka a kansa. Kowace jami'a tana da sharuɗɗanta, galibi ana duba sakamakon aji ɗaya da kuma ko akwai gurbi a inda kake son komawa. Tsangayar shari'a ita ce mafi wuyar shiga ta wannan hanya, saboda hukumar kula da ilimin lauyoyi tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma jami'ar da ta zarce adadin tana fuskantar hukunci. Sake rubuta JAMB kana aji ɗaya kuwa ɗalibai suna yi, kuma darussan da ka rubuta a bana za su yi maka, tunda adabin Turanci ana bukatarsa a fannonin biyu. Sai dai ka karanta ƙa'idojin hukumar na shekarar da kyau, ka bayyana mata gaskiyar cewa kai ɗalibi ne, kuma ka sani ba a riƙe gurbi biyu a lokaci guda. Idan na lauyan ya fito, sai ka ajiye wannan ka koma aji ɗaya. Wannan hanya ta fi zaman gida, ko da yake za ta ci kuɗin rajistar shekara guda.

Maganar Ma'aikacin Banki cewa digirin ba shi da katanga gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa matakin sakamako yake da muhimmanci a wurinku fiye da wasu. A ma'aunin maki 5, daga 4.50 ne ake samun daraja ta ɗaya, daga 3.50 kuma babbar daraja ta biyu, kuma yawancin masu ɗaukar aiki da masu ba da tallafin ƙaro karatu a nan suke ja layi. Makin aji ɗaya yana shiga lissafin ƙarshe, don haka wanda ya yi shekararsa ta farko yana jimamin lauyan da bai samu ba yakan ƙare yana biyan bashin wannan shekara har ya fita. Inda na saɓa da shi shi ne, rashin katangar yana aiki ta fuska biyu, domin kamar yadda wasu suke shigowa gonarku, haka ku ma digiri na biyu a aikin jarida ko hulɗar ƙasa da ƙasa ko harkokin mulki a buɗe yake gare ku.

Idan ka shiga, kada ka jira sai ka gama kafin ka fara tara abin nunawa. Ka shiga ƙungiyar marubuta ta ɗalibai, ka nemi gidan rediyon jami'a idan akwai, ka yi amfani da dogon hutu wajen neman gidan rediyo ko jarida a Katsina ko Zariya su bar ka ka zauna a ɗakin labarai ko ba biya, ka koyi buga rubutu da sauri a kwamfuta har da haruffan Hausa masu ƙugiya. Mai ɗaukar edita ko mai fassara abin da ka rubuta yake so ya gani kafin ya dubi takardar digirinka.

Game da mahaifinka, kada ka tunkare shi da gardama kai kaɗai. Ka nemi kawunka su zauna tare, ka nuna musu lissafin shekarun nan da aka yi maka, da shirinka na sake gwada jarrabawar ba tare da ka saki gurbin ba, sannan ka bar su su yanke. Amma ku hanzarta, domin karɓar gurbi a shafin JAMB yana da wa'adi, kuma idan ya wuce ba ka danna amincewa ba ana iya ba wani.